Kafin Wani Ya Tafi Saudiyya Daga Gidanku: Shawarwari Kan Biza da Takardu

Da wuya ka shiga unguwa a Kano ko Katsina ko Damagaram ka rasa gidan da ake shirin tura wani Saudiyya. A wani gidan tsohuwa ce 'ya'ya suka haɗa wa kuɗin Umara, a wani magidanci ne ya biya kujerar Hajji bayan shekaru yana tari, a wani kuma matashiya ce aka yi wa alƙawarin aikatau a Riyad. Hankalin gida yakan tafi kan kuɗi da ɗinki da jerin waɗanda za a yi wa tsaraba, takardu kuwa a bar wa ejan. To, ranar da jami'in shige da fice ya riƙe fasfo a Jidda yana jujjuya shi, ejan yana ofishinsa. Matafiyi ne a tsaye, iyali ne ke zaman jiran waya. Don haka takardun tafiya aikin gida ne gaba ɗaya, kuma ga abin da ya kamata a duba.

1. Ku fara da fasfo tun kafin a yi maganar tikiti. Saudiyya tana so fasfo ya kasance da sauran aƙalla wata shida kafin ya ƙare, kuma daga ranar shiga ƙasar ake lissafi, ba daga ranar da aka miƙa wa ejan ba. A Najeriya akwai mai shafi 32 na shekara biyar da mai shafi 64 na shekara goma, kuma tun daga Satumban 2025 kuɗinsu ya koma naira 100,000 da naira 200,000 ga mai nema a cikin ƙasa. Kowane yaro da nasa fasfo, ko da jariri ne a goye.

Abin da ya fi jawo wa mutanenmu tsaiko shi ne suna. Mutum ɗaya ne Muhammadu a takardar makaranta, Mohammed a katin NIN, Muhammad a banki. Wani sunan garinsu ne sunansa na ƙarshe a wata takarda, a wata kuma sunan mahaifi. Mace ta yi katin ɗan ƙasa da sunan babanta, ta zo neman fasfo da sunan miji. Hukumar shige da fice tana ɗauko bayanai ne daga NIN, idan ba su yi daidai ba aiki ya tsaya, gyara kuma yana cin makonni. Ku baje takardun a kan tabarma, wanda ya fi kowa karatun boko a gidan ya bi su harafi bayan harafi, har da ranar haihuwa. Duk rubutun da ya fito a fasfo, shi za a bi a biza da tikiti da katin riga-kafi.

2. Ku san wace irin biza aka buga, da idonku. Nan ne aka fi cutar mutane. Akwai bizar Umara, akwai ta Hajji, akwai ta ziyarar iyali wadda ɗan'uwa mai zama a can yake nema, akwai ta kasuwanci da kamfani ke gayyata, akwai ta yawon buɗe ido, akwai ta aiki. Kowacce da abin da ta halatta da abin da ta hana. Bizar Umara tana ba da damar zama har kwana 90, amma ba ta ba da damar aiki ko na yini ɗaya. Bizar ziyara ba ta zama takardar zama don kawai an daɗe.

Wasu ejan, idan bizar Umara ta yi tsada ko ta yi wuya, sukan nemo wa mutum wata iri daban da bayanan da ba nasa ba, su ce masa ai duk ɗaya ne. A Nuwamban 2023 jirgi ya tashi daga Kano da fasinja 264, suna sauka Jidda aka soke bizarsu. Bayan an sa baki aka bar 87 suka shiga, 177 aka dawo da su. Bayanin da ofishin jakadancin Saudiyya ya bayar shi ne, an yi amfani da bayanan da ba daidai ba wajen neman nau'in bizar da ba su cancanta ba. Da yawan irin waɗannan matafiya ba su taɓa ganin fom ɗin da aka cike da sunansu ba. Idan takardar biza ta zo, ku nemi wanda ya iya Larabci ko Ingilishi ya karanta muku nau'inta, da ranar da za ta ƙare, da yawan kwanakin zama, da ko shiga ɗaya ce ko fiye. Ana kuma iya tabbatar da ita a shafin intanet na Ma'aikatar Harkokin Wajen Saudiyya da lambar fasfo, kuma kowane yaro mai waya a gidan zai iya yi.

3. Hajji sai da bizar Hajji. Na san ba kowa ke son jin wannan ba, domin kuɗin kujera ya kai miliyoyi, kuma kowa ya san wani da ya shiga da bizar Umara a azumi ya laɓe har ya yi Arfa. Amma ku dubi abin da ya faru a Hajjin 2024. Zafi ya haura maki 51 a Makka, mutum 1,301 suka rasu, kuma ministan lafiyar Saudiyya ya ce kashi 83 cikin ɗari na mamatan ba su da izinin Hajji. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Marar izini ba shi da tanti mai sanyi a Mina, ba shi da motar da za ta kai shi Arfa, yana tafiyar ƙafa cikin rana yana kauce wa shingen askarawa, kuma ko jiri ya ɗebe shi yana tsoron zuwa asibiti kada a kama shi. Ga tsoho mai hawan jini, wannan tafiyar ta fi ƙarfin jikinsa.

A 2025 an sa tarar da ta kai riyal 20,000 ga duk wanda aka kama yana ƙoƙarin Hajji ba izini, tare da kora da hana shiga ƙasar shekara goma. Wanda ya ɗauko shi ko ya ba shi masauki, tasa tarar tana kai riyal 100,000, wato ɗan'uwan da ya ɓoye ku a ɗakinsa shi ma kun jefa shi cikin masifa. Daga ɗaya ga Zulƙida zuwa 14 ga Zulhajji, mai bizar ziyara ba ya shiga Makka, ba ya zama a cikinta. Hanyoyin halal biyu ne: hukumar jin daɗin alhazai ta jiharku, ko kamfanin jirgin yawo mai lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON. A Nijar kuwa hukumar COHO ce ke kula da lamarin. Wanda kuɗinsa bai kai ba, akwai asusun adashin gata na Hajji da NAHCON ta buɗe tare da bankin Jaiz, a riƙa zubawa a hankali. Allah bai ɗora Hajji a kan wanda ba shi da iko ba.

4. Ejan na gari ba ya jin haushin tambaya. Ku nemi ganin lasisinsa, ku duba ko sunan kamfanin yana cikin jerin da NAHCON ke fitarwa. Ku je ofishin da ƙafarku. Kuɗi a tura asusun kamfani, ba asusun wani yaronsa ba, a karɓi rasit, a rubuta abin da kuɗin ya ƙunsa: biza, tikitin zuwa da dawowa, otal a Makka da Madina da nisansa da Harami, mota, abinci ko babu. Yanzu tsarin Saudiyya yana haɗa bizar Umara da masauki da sufuri da aka riga aka yi rajistarsu a manhajar Nusuk, saboda haka wanda ya ce zai ba ku biza tsurarta a rabin kuɗin kasuwa, ku tambaye shi ta ina. Idan amsar ita ce, "Haba Alhaji, ni za ka yi wa haka, shekara nawa muna tare?" ku gaisa da shi da mutunci, ku ci gaba da neman rasit ɗinku.

5. Allurar riga-kafi a yi ta da gaske, kada a sayi kati. Ana buƙatar ta sanƙarau mai kare nau'i huɗu, wadda za a yi aƙalla kwana goma kafin isa. Ana buƙatar ta cutar shawara ga masu zuwa daga Najeriya da Nijar da yawancin maƙwabtansu, ita ma sai ta kwana goma take fara aiki, amma tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sau ɗaya ta isa har ƙarshen rai, don haka a adana katin. Akwai kuma ta shan-inna, ko ga babba. Katin rawaya na Najeriya yana fitowa ne daga sashen lafiya na tashoshin shiga ƙasa, kuma yana da lambar da ake tantancewa da na'ura. Mai sayen katin bogi ya manta cewa zai kwana a tanti ɗaya da mutanen nahiyoyi daban-daban, ya dawo ya rungumi jikokinsa.

6. Ku faɗa wa likita gaskiya. Saudiyya ta hana Hajji ga masu wasu larurori, kamar mai wankin ƙoda, mai ciwon zuciya da ya yi tsanani, mai gigin tsufa, mai tarin fuka da bai warke ba, da mai tsohon ciki. Ɓoye ciki don kada kujera ta salwanta kasada ce da rai biyu. Mai ciwon suga ko hawan jini ya tafi da maganin da zai ishe shi, a cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita mai ɗauke da sunansa. Kada a zube ƙwayoyi a leda ɗaya don rage kaya. Tiramadol da maganin tari mai kodin da magungunan barci suna cikin abin da ake tsananta wa, kuma hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya yana kai wa ga kisa. An zartar da shi a kan 'yan Najeriya.

7. Kada a karɓi saƙon kowa, kada a ba da aron nauyin kaya. Wannan ya saɓa wa tarbiyyarmu, na sani. Maƙwabciya za ta shigo da ƙulli a leda ta ce, "Hajiya, don Allah ɗan yaji ne da kuka, ki miƙa wa 'yata a Jidda." Kunya ba za ta bar Hajiya ta kwance ƙullin ba. To, 'ya'yanta su ɗauke mata wannan nauyin: duk abin da za a tafi da shi a buɗe shi a gaban mai shi, abin da ba a gane ba a mayar. A filin jirgi kuwa ko wace ce ta roƙa a haɗa mata jaka, amsar a'a ce.

Ko wanda bai karɓi komai ba sai ya kula. A Disambar 2018 an kama wata ɗaliba 'yar Najeriya a Madina, tana Umara tare da mahaifiyarta, saboda wata jaka mai ƙwayoyi da aka liƙa wa sunanta. Binciken hukumar NDLEA ya gano cewa wasu ma'aikata ne a filin jirgin Kano suka sa wa jakar lambarta ba da saninta ba. Sai da ta shafe wata huɗu a tsare kafin a sake ta a Afrilun 2019. Don haka a wurin awo, ku ƙirga jakunkunanku, ku ƙirga 'yan takardun da aka manna muku a bayan tikiti, ku tabbata adadin ya zo ɗaya. Ku ɗauki hoton jakunkunan da takardun, ku tura wa na gida kafin a shiga jirgi.

Goro ma a bar shi a gida, duk shekara hukumar alhazai tana gargaɗi a kansa. Haka layu da guraye da garin magani marar suna: abin da a wurinmu tsari ne da kaka ta bayar, a wurin jami'in Saudiyya yana iya zama tuhumar sihiri, wanda babban laifi ne a dokarsu.

8. Kuɗi mai yawa a bayyana shi. Mai fita daga Najeriya da abin da ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinta dole ya sanar da kwastan. Saudiyya ma tana da nata ma'aunin na tsabar kuɗi da zinare, wajen shiga da wajen fita, kuma mata masu saro gwal su tambayi adadin kafin su tashi, su riƙe rasit ɗin shago. Guzuri a raba shi gida biyu, kada a tara a jaka ɗaya.

9. Maganar muharrami ta sauya, amma a yi tambaya. Waɗanda suka manyanta suna tuna 2012, lokacin da aka tsare mata maniyyata 'yan Najeriya kimanin dubu a filayen jirgin Jidda da Madina, aka dawo da da yawansu saboda ba a ga muharramansu ba. A 2022 ministan Hajji na Saudiyya, Taufiƙ al-Rabi'a, ya bayyana cewa mace tana iya zuwa Hajji ko Umara ba tare da muharrami ba. Wannan hukuncin hukuma ne. Ɓangaren shari'a kuwa a tambayi malamin da aka amince da shi. Abin da zan ja kunne a kai shi ne muharramin aro, wato a haɗa mace da wani namiji a takarda a ce mijinta ne ko wanta. Ƙarya ce a takardar hukuma, kuma duk laifin da ɗayansu ya yi yana iya shafar ɗayan.

10. Ku rubuta ranar fita a inda kowa zai gani. Kwanakin da ke kan biza ba su ne kaɗai ma'auni ba. Duk shekara Saudiyya tana sanar da ranar da za a rufe shigar masu Umara da ranar da dole kowa ya fice kafin Hajji. A 2025 ranar ficewar ita ce ɗaya ga Zulƙida, wadda ta zo daidai da 29 ga Afrilu, ko da bizar mutum tana da sauran kwanaki. Wanda ya wuce wa'adi yana fuskantar tarar da ta kai riyal 50,000, ɗauri har wata shida, sannan kora.

Zaman takari tsohon abu ne a wurinmu, kuma akwai gidajen da aka gina da kuɗinsa, ba na musu. Amma zamanin da ake ɓacewa a cikin unguwannin Makka da Jidda ya wuce. Ana ɗaukar hoton yatsu da na fuska a wurin shiga, kuma layin waya, asusun banki, hayar ɗaki, asibitin gwamnati, duk suna neman lambar igama, wato takardar izinin zama, ko ta biza mai rai. Wanda aka kama sai tarhil, wato wurin tsare waɗanda za a kora, kamar babbar cibiyar Shumaisi da ke tsakanin Jidda da Makka, ya zauna har a gama takardunsa, ya dawo da kayan jikinsa. Canza suna da sabon fasfo ba ya ɓatar da zanen yatsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne yaran da ake haifa a wannan hali. Saudiyya ba ta ba da takardar zama ɗan ƙasa don an haifi mutum a can, iyaye kuma suna tsoron zuwa a yi rajista, sai yaro ya tashi ba takardar haihuwa, ba makarantar hukuma, ranar da aka kwaso su a sauke shi a ƙasar da bai taɓa gani ba.

11. Mai tafiya aiki ya ga kwantiragi tun yana gida. Aiki a Saudiyya yana tafiya ne da bizar aiki wadda wani kafili ya nema, mutum ko kamfani, kuma shi zai fitar wa ma'aikaci igama bayan isowa. Duk wanda ya ce wa 'yarku ta shiga da bizar Umara ko ta ziyara, in ta isa za a juya mata ita, ya shirya mayar da ita marar takarda ne, wadda ba ta da inda za ta kai ƙara. Masu aikin gida ana ɗaukarsu ta tsarin Musaned, inda ake rubuta albashi da tsawon kwantiragi. Dokar masu aikin gida ta hana ɗaukar wanda bai kai shekara 21 ba, ta kuma ba da hutun yini ɗaya a mako. Kada a ƙara wa yarinya shekaru a fasfo don ta tsallake wannan sharaɗi, an sa shi ne don kare irinta.

Kafin ta tashi, gida ya san sunan kafili, da garin da za ta zauna, da albashi a riyal, da wanda zai biya tikitin dawowa, da sunan ofishin da ya ɗauke ta a can. A nan gida kuma a tabbata kamfanin yana da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. Idan aka ce za a riƙa cire kuɗin tafiya daga albashinta na watanni, ko aka ce kada ta gaya wa kowa sai ta isa, ku kai magana ofishin NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane.

Ta kuma san abu biyu. Na farko, dokar Saudiyya ba ta ba uban gida ikon riƙe fasfon ma'aikaci ba, ko da yake da yawa suna yi. Na biyu, sauye-sauyen da aka yi a Maris 2021, waɗanda suka sauƙaƙa wa ma'aikatan kamfanoni canza wurin aiki da fita ƙasar, ba su haɗa da masu aikin gida ba. Idan ta gudu daga gidan, kafili yana iya kai rahoton hurub, daga nan ta zama abin nema. In zama ya gagara, hanyar ita ce ƙorafi ga ofishin da ya kawo ta, ko ma'aikatar ƙwadago ta can, ko ofishin jakadanci, kuma na gida su taya ta bugun waya da rubuta takarda, domin ita wataƙila an karɓe wayarta.

12. A bar kwafin komai a gida. Shafin fasfo mai hoto, biza, tikiti, katin riga-kafi, rasit ɗin ejan, kwantiragi, igama idan ta fito: a yi hotonsu a takarda a sa a fayil ɗaya, a kuma ajiye a wayar mutum biyu. Tsoho ko tsohuwa a rataya musu kati mai sunan otal da Larabci da lambar jagoran tawaga, domin ƙofofin Harami suna kama da juna ga baƙo. Idan fasfo ya ɓata, a sanar da jagora da 'yan sanda nan take, sannan a nufi ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda ko babban ofishin da ke Riyad, inda ake ba da takardar tafiya ta gaggawa. Da kwafin fasfo a hannu aikin yana sauri. A zaɓi mutum ɗaya a gidan wanda fayil ɗin ke hannunsa, kuma matafiyi ya haddace lambar wayarsa da ka.